Kaza Ma Nama Ce, Alhaji

Da zarar an ce akwai masu ƙin cin nama da gangan, ba ciwo ba, ba fatara ba, sai ku kwashe da dariya ku ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Alhaji, ajiye cinyar kazar nan tukuna, ka goge hannu mu yi magana.

Mutanen nan ba jiya suka fara ba. Tun 1847 suka kafa ƙungiyarsu a Ingila. A 1944 wani Donald Watson da abokansa suka ga abin bai ishe su ba, suka haɗa da ƙin madara da ƙwai. A Indiya kuwa har gwamnati ta sa baki: abincin da aka rufe a leda ko kwali, in ba nama a ciki a buga masa koren ɗigo, in akwai a sa masa alama mai ruwan ƙasa. Ƙwai a can layin nama ya bi, nono ya tsira. Mabiya addinin Jain ko albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci, don tono su na hallaka ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. Hajiya, miya ba albasa, ya kika gani?

Ku kuma ga inda kuke ba ni dariya. Baƙo ya ce ba ya cin nama, sai ku ce, "Ba komai, a yanka masa kaza." Kai jama'a! A bishiya kaza take fitowa? Masu ƙin naman nan ita suka fi tausaya wa ma. Kazar gidan gona sati shida ko bakwai take yi a duniya, ƙirji ya yi mata nauyi har ƙafafu su kasa ɗaukarta. A manyan gidajen ƙyanƙyasar kajin ƙwai na Turai, 'yan tsaki maza ranar da suka fito ake kashe su, tunda zakara ba ya ƙwai. Jamus ta hana wannan daga 2022.

Kuna kuma yi wa naman bogi na Amurka tsiya, irin su Beyond Meat da ake haɗawa da sinadarin wake. To wa ke layi da yamma gaban kaskon mai awara? An jiƙa waken suya, an niƙa, an tace, an dafa, an tsinka da ruwan tsami, an soya, kai kuma kana cewa a ƙara yaji da kabeji. Abin da Sinawa suka daɗe suna ci ke nan a madadin nama, ga shi ya zama ƙarin kumallon ɗanka.

Ku ci kazarku, halak ce. Amma kada a cusa ashirin a keji ɗaya cikin rana. A ba su ruwa, a wasa wuƙa. Baƙon nan kuma a soya masa awara, Hajiya ki duba dunƙulen da za ki jefa a miyarsa, kar ya zama na kaza.