Sannu da Aiki, Na'urar da Ba Ta Tambaya

Ranki ya daɗe, na'urar biyan 'yan kwangila ta Ma'aikatar Tsaron Amurka. Mun ji labarin masu kyauta iri-iri, daga sarkin da yake tuɓe rigar jikinsa ya miƙa wa maroƙi har attajirin da yake kayar da sa saboda baƙo ɗaya, amma mai sakin hannu irinki ba a taɓa yi ba. Su sai an je ƙofarsu, an durƙusa, an wasa su. Ke kuwa gurbi kawai kika bari a fuskar kwamfuta. Mai buƙata ya rubuta adadin da ransa yake so, ya danna, ya koma harkarsa. Sauran aikin naki ne.

Dole a jinjina wa waɗanda suka kawo ki, domin kafin zuwanki ɗan kwangila yana ganin wulaƙanci. Zai kawo takardarsa ya tarar da wani akawu ya saƙala tabarau a kan hanci, yana bin lissafi layi-layi da bakin biro, can sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan kuɗin na mene ne?" Dubi rashin kunya! Irin wannan bin ƙwaƙƙwafi ne ya jawo wa ma'aikatar abin faɗa a shekarun 1980, lokacin da aka ji ta sayi guduma ɗaya a kan dala 435, murfin masai na jirgin sama kuma dala 640. Ido ne ya gani, baki ya faɗa, jarida ta buga. Ke Allah ya raba ki da ido, ya raba ki da baki, shi ya sa babu ɗan kasuwar da ya taɓa barin gabanki da ɓacin rai.

Yanzu ga yadda ciniki yake tafiya, gwanin ban sha'awa. Hukumar da ke saya wa sojoji kayan aiki takan liƙa buƙatarta a intanet. Masu kaya su sa farashi daga inda suke zaune. Idan ƙananan kaya ne, sau da yawa na'ura ce take tace farashin ta zaɓi wanda za a ba. Ya aika kaya, ya tura takardar neman biya ta intanet, ofishin kuɗi na ma'aikatar ya zuba masa a asusu. Mai saye bai ga mai sayarwa ba, mai biya bai ga kaya ba. Babu gaisuwa, babu tayi, babu albarka. Ko a kasuwar aljanu ban ji an kai wannan sauƙi ba.

Amma alheri ba ya bayyana sai an samu wanda ya san darajarsa. An dace da wasu mata biyu, tagwaye, masu wani ƙaramin kamfani mai suna C&D Distributors a garin Lexington na jihar Karolina ta Kudu. Sana'arsu sayar wa sojoji tarkacen ƙarafa, irin su noti da kusa da washa, wato ɗan zoben ƙarfen nan da bakanike yake sakawa kafin ya ɗaure noti. Su ne suka fahimci halinki fiye da waɗanda suka ƙera ki. Sun lura cewa idan aka yi wa kaya alamar gaggawa, musamman masu tafiya fagen daga ko sansanin soja, kuɗin dakon da aka rubuta yakan wuce kai tsaye ba tare da wani ya duba ba. An tsara haka da kyakkyawar niyya, don kada soja ya zauna jiran kayan gyara saboda takarda tana kwance a kan teburi. To, tunda ƙofa a buɗe take, ai rashin godiya ne mutum ya tsaya yana sallama.

Sai suka aika sukurori uku, kowane dala 1 da santi 31, zuwa ga sojojin ruwa da ke Habbaniya a Iraƙi. Kuɗin dako dala 455,009. Kika biya. Suka aika washa ɗaya ta santi 89 zuwa wani sansanin sojan sama a Florida, cikin Amurkar, ba a ƙetare ko kududdufi ba. Kuɗin dako dala 293,451. Kika biya. Da suka ga ba ki da ƙyashi, sai suka aika washa biyu, kowace santi 19, zuwa barikin Fort Bliss a Texas, suka rubuta dala 998,798. Kayan santi 38, wanda ambulan ɗaya zai ɗauka har da sauran wuri, an kai shi a kan kuɗin da zai gina makaranta. Kika biya, ko gezau. Ni abin da ya fi burge ni shi ne adalcinsu: sun bar miki canjin dala 1,202, ba su cika miliyan ba. Ke kuma da sun cika, da kin cika.

A cikin shekara shida, kayan da suka kai gaba ɗaya bai wuce na dala 68,000 ba, dakonsa kuma ya kama dala miliyan 20.5. Kowace dala ɗaya ta kaya ta hau motar dala 300. Wace babbar mota ce ta taɓa samun lodi mai albarka haka? Kuɗin kuwa bai tafi a banza ba. Ya zama gidaje a bakin teku, motocin alfarma, jiragen ruwa na shaƙatawa da gwala-gwalai. Wannan ma ai tsaro ne, tsaron lafiyar ɗan kwangila.

Da an bar ki, da har yau ana cin arziki. Sai a watan Satumba na 2006 wani ma'aikacin saye, ɗan'adam mai jini da tsoka, ya ci karo da wata takardar: washa biyu kuma, dako dala 969,000. Maimakon ya yi koyi da ke ya kawar da kai, sai ya tsaya ya yi tambayar nan ta mutanen da. Daga nan zare ya warware. Ɗaya daga cikin tagwayen ta rasu kafin a kai ga shari'a, ɗayar ta amsa laifi a 2007, aka yanke mata shekara shida da rabi a gidan yari. Ke fa? Babu alƙalin da ya kira ki. Babban sirrin ɗaukakarki ke nan. Akawu idan ya sa hannu a kan ɓarna, akwai sunansa a ƙasan takarda, akwai wuyan da za a kama. Ke idan kika biya, sai a ce tsari ne ya samu matsala, kuma tun da aka kafa kotu ba a taɓa ɗaure tsari ba. Ɓera ya tafi kurkuku, daddawa ta ci gaba da warinta.

Rashin nuna bambancin ma'aikatarki ma abin a buga misali ne. A 2007 wani kamfani a Miami Beach mai suna AEY, wanda shugabansa yaro ne ɗan shekara 21, ya samu kwangilar kusan dala miliyan 300 ta kai wa sojojin Afghanistan harsasai. Sana'ar yaron ita ce kwana a gaban shafin da gwamnati take liƙa kwangiloli, yana karya farashi. Abin da aka kai ya haɗa da tsofaffin harsasai ƙirar Sin da suka shekara aru-aru a rumbunan Albaniya, aka sauya musu mazubi don a ɓoye asalinsu, tunda dokar Amurka ta hana sayen su. Wa ya ce ba a ba matasa dama?

Ga kuma riƙon amana. Ranar 10 ga Satumba, 2001, sakataren tsaro Donald Rumsfeld da bakinsa ya ce akwai hada-hadar kuɗi ta dala tiriliyan 2.3 da ba a iya bin sawunta, saboda na'urorin ma'aikatar ba sa jin yaren juna. A 2018 aka fara yi wa ma'aikatar cikakken binciken kuɗi. Ba ta haye ba. Aka sake a shekara mai zuwa, haka. Zuwa 2024 sau bakwai ke nan a jere, a ma'aikatar da kasafinta ya haura dala biliyan 800 a shekara. Ɗalibin da ya zauna jarrabawa sau bakwai bai taɓa sauya sakamako ba, ai ya cancanci kyautar tsayuwa a kan magana ɗaya.

Akwai wanda ba na iya mantawa da shi duk lokacin da na tuna washar nan. A watan Disamba na 2004, a wani sansani a Kuwait, wani ƙaramin soja ya miƙe a gaban Rumsfeld ɗin nan ya tambaye shi dalilin da ya sa suke tonon juji suna neman ɓaraguzan ƙarfe da za su liƙa wa motocinsu kafin su shiga Iraƙi. A daidai shekarun da yaran mutane suke tsintar ƙarfe a bola don kare ƙirjinsu daga nakiya, ke kina biyan dubban ɗaruruwa a kan ƙarfen da bai kai girman zoben yatsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da sunan wannan sojan aka cire mai dubawa, don kada kayansa su makara, kuma shi ne bai gani a ƙasa ba.

Mai karatu, na kawo maka labarin Amurka ne domin mu ma an sha yi mana albishir da kwamfuta. Bayan badaƙalar kuɗin makamai ta dala biliyan 2.1 da ta ɓarke a Najeriya a 2015, da binciken da ya bankaɗo asarar biliyoyin sefa a kwangilolin Ma'aikatar Tsaron Nijar a 2020, ba abin mamaki ba ne mutum ya yi fatan na'ura ta karɓi aikin daga hannun mutane. Duk ranar da aka zo maka da wannan albishir, ka tambayi mai kawo shi abu biyu: wane ne zai karanta takardar kafin kuɗi ya fita, kuma sunan wa za a tarar a ƙasanta idan soja ya mutu da bindiga babu harsashi. Idan bai ba ka suna ba, kada ka tafa masa.