Takardar Koke Zuwa ga Kanel, Dillalin Fakitoci

Zuwa ga Mai Girma Kanel na Linux, Allah ya ja zamaninsa.

Masu riƙe da wayoyin Android a Talata Mafara da Bakura da Maradun suna miƙa kokensu ga Mai Girma, wato zuciyar manhajar da ke jan ragamar waya, wanda Linus Torvalds ya aza harsashinsa a Finlan a 1991, wanda kuma ya tsaya tsakanin na'urori da manhajoji kamar yadda dillali ke tsayawa tsakanin mai saniya da mai saye a kasuwar Talata.

Masu koke sun san saƙon murya ba ya zuwa a dunƙule, sai an gutsuttsura shi ya zama fakitoci, wato ƙananan ƙullin bayanai da galibi ba su wuce bayit 1,500 ba. Na'urar sabis takan zuba su kai tsaye cikin wani zoben ma'ajiya da Mai Girma ya tanada, ta buga masa ƙararrawa, shi kuma ya duba adireshin kowanne, ya jera su, sannan ya kwafe su zuwa farfajiyar manhajoji, inda WhatsApp ke zaman jira ba tare da ya taɓa ganin fuskar na'urar ba. Wannan kwafi shi ne la'ada, da batir ake biyanta, batir kuwa da kuɗi ake cika shi a shagon mai caji, wanda shi ma sayen fetur yake yi wa janareto.

Labari ya iso cewa kamfanin Intel ya fito da DPDK a 2010, dabarar da ke ƙwace na'ura daga hannun Mai Girma ɗungurungum, kuma a 2018 Mai Girma da kansa ya buɗe ƙofar AF_XDP, inda manhaja da na'ura ke tarayya a ma'ajiya ɗaya. Masu koke ba su neman a tsige shi, domin DPDK ba ya barin ƙwaƙwalwar inji ta runtsa, abin da manyan rumbunan bayanai ke iya ɗauka amma wayar manomin Bakalori ba za ta kai azahar ba. Balle kuma in babu dillali, wa zai hana wata manhaja leƙa ƙullin wata?

Adalci ya sa a ambaci Satumbar 2021, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta umarci a kashe ƙarafunan sabis a Zamfara bisa buƙatar gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle, ɗan Maradun, saboda matsalar 'yan bindiga, kwanaki kaɗan bayan rufe kasuwannin mako. Makonni suka shuɗe zoben yana wayam, amma tsakin jama'a a kan waya ya riƙa sauka.

Roƙon dai shi ne a rage la'ada, a riƙa tara fakitoci masu yawa a kan ƙararrawa guda. Koken ƙarfen sabis an aika shi wani ofishin daban, fakitin amsarsa yana hanya.

Masu biyayya,
Jama'ar garuruwan uku.