Ma'abota Sudoku a Abuja, Kowa da Halinsa

Abuja gari ne na jira. Ana jiran oga ya fito daga mitin, ana jiran fayil ya sauko daga bene a Sakatariyar Tarayya, ana jiran cunkoson Nyanya da Mararaba ya saki. A irin wannan zama ne sudoku ta samu gindin zama, a bayan jarida ko a cikin waya. Ƙa'idarta ba ta kai ta dara wuya ba: gidaje 81, layi 9 a kwance, 9 a tsaye, akwati 9, kowane layi da kowane akwati ya ɗauki lamba 1 zuwa 9 ba tare da maimaici ba. Amma miƙa wa mutum ita, ka koma gefe ka sha kallo.

Akwai ɗan canki-canka. Da biro yake aiki, don a ganinsa fensir na 'yan firamare ne. Ya dubi gida ya ji a ransa cewa 7 ta dace da shi, sai ya dangwala. Kafin shayinsa ya huce 7 ta bayyana sau biyu a layi ɗaya. Nan take zai yi tsaki ya ce masu buga jarida ne suka yi kuskure, ƙasar nan ba abin da ake yi daidai. Alhali sudokun kirki amsarta ɗaya ce tal, kuma hujja ke kai mutum gare ta.

Kishiyarsa shi ne Malam Mai Fensir, wanda na fi jin daɗin kallo. Tsohon ma'aikaci ne, ya san kan fayil. Kowane gida sai ya jera masa 'yan takara da ƙananan lambobi a kusurwa, sannan ya fara tantancewa. Ya kuwa san aikinsa. In ya ga gida biyu a layi ɗaya waɗanda ba mai iya shiga cikinsu sai 3 da 8, ya san waɗannan lambobi sun kama wuri, ko da bai san wacce ke ina ba, sai ya bi sauran layin yana goge 3 da 8. In kuma 5 a wani akwati ba ta da mafaka sai a layi guda, ya kore ta daga ragowar wannan layin. Matsalarsa ɗaya: ko da ɗan takara guda ya rage, ba ya rubuta shi da babban baƙi. Ka ce masa, “Malam, ai 6 ce ta rage,” ya ce, “Ana kan nazari.”

A jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa za ka haɗu da mai leƙe. Bai sayi jarida ba, ba ya taɓa alƙalami, amma haɓarsa na kan kafaɗarka. “Ranka ya daɗe, 4 ce nan.” Abin haushin shi ne sau da yawa gaskiyarsa ce. Kai kana tambayar wace lamba za ta shiga wannan gida, shi kuwa yana tambayar ina 4 za ta zauna a wannan akwati, ya ga wuri ɗaya ne kawai ya rage mata.

Sai Baba, wanda da ya hango zanen ya gyara zama ya rage murya: “Yaro, wa ya ba ka wannan hatimin?” Kada a yi masa dariya da yawa. Malamanmu sun daɗe da jera lambobi a gidaje, har Muhammad bin Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan irin waɗannan murabba'ai a 1732. Bambancin shi ne a can jimla ake nema, a sudoku kuwa ba a tara komai. Ka bayyana masa haka, ya gyaɗa kai, ya ce duk da haka kada ka bar takardar a ƙasa.

Gwani shi ne mai gajiyarwa. Kafin ka zauna ya sanar da kai cewa wani Ba'amurke, Howard Garns, ya ƙirƙiro wasan a 1979, kamfanin Nikoli ya yaɗa shi a Japan daga 1984, jaridar The Times ta Landan ta ɗauka a 2004, kuma a 2012 Gary McGuire na Dublin ya nuna cewa da ƙasa da lamba 17 a farko ba a samun amsa ɗaya. Daga nan ya shiga dabarar kusurwa huɗu: in 9 a layi biyu na kwance ba ta da wuri sai a layukan tsaye guda biyu iri ɗaya, to a share ta daga sauran gidajen layukan tsayen. Daidai ne. Sai dai kai lambar wayar wani darakta ka zo tambayarsa.

Wanda ya fi kowa kwanciyar hankali shi ne Alhaji mai haƙuri. Yakan ajiye jaridar yau, gobe amsa ta fito ya kwafe ta tsaf da biro, ya bar shafin a buɗe a kan tebur inda duk mai shigowa ofis zai gani.