Sakin Layi da Iddarsa

Malaman fiƙihu na mazhabar Imamu Malik, Allah ya saka musu da alheri, ba su bar wani aƙadi da ɗan Adam ke ƙullawa ba face sun bayyana ƙofar shigarsa da ƙofar fitarsa, tun daga ciniki da ijara da jingina har zuwa aure, kuma duk wanda ya durƙusa gaban malami ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ko ya leƙa Muhtasar na Shaihu Halil, ya san haka. Ni da nake ɗan taɓa wannan karatu a wani zaure a garinmu Bana, cikin jihar Dosso, tsakanin sallar asuba da fita neman abinci, na daɗe ina ganin babu ƙullin da zai gagare ni kwancewa, har Allah ya haɗa ni da aƙadin layin salula na wata-wata, wanda babu babinsa a littafin kowane shehi.

Sana'ata dillancin muruci da rake ne, domin ƙasarmu ta Gaya Allah ya albarkace ta da giginya da fadama da ruwan sama fiye da sauran sassan Nijar, kuma ya ajiye mu a inda ƙasashe uku suka haɗa kafaɗa, Malanbil ta Benin tana hayin kogi, Kamba ta Nijeriya tana gabas. Saboda haka ɗan kasuwar nan ba ya rabuwa da lambobi uku, 227 da 229 da 234, kuma kiredi ba ya kwana a wayarsa. Ana cikin wannan hali ne wani saurayi mai hular kamfani da zaƙin baki ya tare ni a tasha, ya ce, "Alhaji, babban mutum irinka bai kamata yana kankare kati kamar ɗan makaranta ba," ya kawo mini bayanin wani abonma na 'yan kasuwa, jaka goma ta sefa a wata, a kira ko'ina a sha intanet. Da yake ranar ban fito da katin ɗan ƙasa ba, sai ɗan ƙanwata da ke rakiyata ya miƙa nasa, ya kuma rattaba hannu a ƙasan wata takarda ta Faransanci mai ƙananan haruffa, wadda saurayin ya tabbatar mini cewa babu kome a cikinta sai gaisuwa.

Muka zauna lafiya da layin nan har juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyakoki, aka tare gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. Iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris na 2024, amma gadar Benin ta ci gaba da zama a rufe, ciniki ya ja baya, jaka goma kuwa ba ta fasa fita ba ko da wata ɗaya. Da haƙurina ya ƙare, wajen ƙarshen shekarar 2024, sai na zare layin daga cikin waya, na ɗora shi a tafin hannuna, na ce masa a gaban shaidu biyu adilai, mai shayi da mai faci, "Na sake ka," na naɗe shi a takarda na jefa cikin gafaka, na kwanta da zuciya fara.

Wata bai gama fita ba sai ga saƙo a ɗaya layin nawa, cikin ladabi da girmamawa, ana tuna mini bashin jaka goma. Na kai kuka wajen wani abokin cinikina na Kamba, mutum mai tabbaci a kan abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya ce abu ne mai sauƙi, in aika kalmar STOP zuwa 2442, nan take za a rabu da ni. Na aika, na sake aikawa, har yatsana ya yi kanta, kafin wani ɗan makaranta ya fahimtar da mu cewa wannan lamba hukumar sadarwa ta Nijeriya ce ta fito da ita a 2016 domin hana saƙonnin talla, ba ta kwance yarjejeniya, kuma ba ta da hurumi a ƙasar Nijar. Na kira lambar masu kula da abokan ciniki, wata murya da ba ta amsa sallama ta ce in danna ɗaya, na danna, ta ce in danna huɗu, na danna, ta sa mini kiɗa mai tsawo, daga bisani ta gode mini ta kashe.

Sai na hau kabu-kabu zuwa Gaya, na bi layi a ajans ɗin kamfanin, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin gudun giba. Wata yarinya mai tabarau ta saurari jawabina daga bismilla har tammat, ta duba kwamfuta, ta ce, "Baba, ai ba a yanke abonma da baki. Sai an rubuto wasiƙa, a ba da sanarwar kwana 30 kafin ranar sabuntawa, kuma a cikin kwanakin nan ana ci gaba da biya." Na ce, "'Yata, wato layin ma idda yake yi?" Ta ce ita ba ta san idda ba, ta san abin da ke shafi na biyu. Sa'an nan ta ƙara leƙa kwamfutar, ta ɗago kai da alamar tausayi, ta ce, "Kuma Baba, layin ba da sunanka yake ba. Wanda ya sa hannu shi zai sa hannun yankewa." A nan ne hujja ta tsaya a kaina, domin ko a Risala saki yana hannun wanda aka ɗaura wa aure ne, ba hannun wanda ya biya sadaki ba.

Angon kuwa, wato ɗan ƙanwar tawa, ya daɗe da tafiya Kwatano neman kuɗi. Na sauka bakin kogi domin in kira shi, inda jiragen kwale-kwale ke jigilar mutane da buhuna tun da aka tare gada, sai wayata ta yi ƙara, na duba, ashe saƙo ne na barka da zuwa Benin, da jerin farashin baƙunci. Ni ina tsaye a ƙasar Nijar, takalmina cikin taɓon Nijar, amma wayar aljihuna ta ƙetare iyakar da gwamnati ta rufe, ba fasfo ba lasfase, kuma ni za a caje wa kuɗin tafiyarta. Na buga lambar yaron aka ce babu ita a duniya, na fara salati ina tunanin abin da zan gaya wa uwarsa, sai wani mai jirgi ya karɓi wayar ya yi dariya, ya ce tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobin Benin sun tashi daga takwas sun koma goma, sai an fara da 01. Da muryar yaron ta fito, abin da ya fara cewa shi ne, "Kawu, wane layi?"

Wani marubucin wasiƙu ya tsara mana takardar da Faransanci mai nauyi, direba ya kai ta Kwatano, ta dawo da sa hannu da tabon manja, ta ƙetare kogi cikin leda, ta isa ajans bayan ranar sabuntawa ta shige, aka ce saboda haka lissafin kwana 30 sai daga wata mai kamawa. Na kai mas'alar gaban malaminmu, na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta mutum ya biya haƙƙin abin da ya rabu da shi?" Ya yi shiru yana shafa gemu, sa'an nan ya ce musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka matuƙar bai halatta haram ba, kuma tun da ni na kawo ƙiyasin idda, to in cika shi, domin wadda aka yi wa saki na kome ciyarwarta tana kan miji har ta gama. Almajirai suka sunkuyar da kai suna kyarma da dariya.

Na mayar da layin cikin waya, bisa hujjar cewa wanda ke biya ya cancanci ya mora, na shiga ƙidayar kwanaki. Iddar tana gab da cika sai jikana, yaron da bai gama yaye ba, ya sami wayar a kan tabarma daidai lokacin da wani saƙo ya shigo mai cewa an yi mini rangwame, in danna ɗaya in ina so in ci gaba. Ya danna da yatsa mai maiƙon ƙuli-ƙuli. Na koma Gaya da gudu, na yi wa yarinyar nan bayani filla-filla cewa a mazhabarmu kome ba ya inganta sai da niyya, ni kuwa ban yi niyya ba, wanda ya danna kuma bai kai shekarun taklifi ba. Ta ce, "Baba, kwamfuta ba ta ganin niyya, tana ganin ɗaya." Daga ƙarshe dai da hul'i aka rabu, na biya abin da aka yanka mini, na karɓi takardar shaida mai hatimi, na adana ta tare da takardun gona.

Kirana ga hukumar ARCEP, wadda aka ɗora wa amanar sa ido a kan harkar sadarwa a Nijar, shi ne ta wajabta cewa duk yarjejeniyar da ake shiga da danna ɗaya a iya fita daga cikinta da danna ɗaya, a kuma karanta wa mutum sharuɗɗanta da Hausa ko Zabarmanci ko Dandanci kafin ya sa hannu. Kai kuwa mai karatu, in mai hular kamfani ya tare ka a tasha, ka tambaye shi kwana nawa ne sanarwar fita, da wa zai sa hannu, da nawa za a biya a tsakani. Ka yi rajista da katinka, ka kuma rataye wayarka inda hannun jika ba ya kaiwa. Haza wasalam.