Sannunku da Kara, Masu Ba da Kwangila

Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri, sun san mutuncin baƙo. A ƙasashen da ba su da tarbiyya, in za a ba da kwangilar gada sai an yi shela, kamfanoni su yi takara, 'yan majalisa su zauna suna ƙirga dala-dala kamar masu awon hatsi a kasuwar Dole. Mu kuwa in aikin na aminai ne, mun fi ƙarfin wannan rashin ta-ido.

A dubi Yamai. Gadar Kennedy tana nan tun 1970. A 2011 aka buɗe ta biyu, aka raɗa mata suna gadar zumuntar Sin da Nijar. A 2021 Shugaba Issoufou Mahamadou ya buɗe ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. A ta biyu da ta uku, kuɗi daga Sin, kamfani daga Sin, manyan injiniyoyi daga Sin. Ɗan ƙasa ma ba a manta da shi ba, an ba shi shebur da baro. Wa zai tambayi takardar yarjejeniya, ya ɓata wa jakada rai?

Mu Damagarawa Allah ya hutar da mu, ba mu da kogi balle mu yi rigimar gada. Tun 1926 Faransawa suka lura ruwan sha ma wuya yake mana, suka tausaya, suka ɗauke mana nauyin babban birni suka kai Yamai. Rabonmu shi ne matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, ganga 20,000 a yini, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, 40 na Nijar. Gada da matata a shekara ɗaya, daga hannun amini ɗaya? Dacewa ce kawai, kada mai mugun zato ya haɗa su. Kuɗin ginin matatar da aka fara ambata dala miliyan 600 ne, ya tashi a 980. To, me ye a ciki? Zumunci ai ba a yi masa ciniki.

Har a Maris ɗin 2025, da gwamnati ta sallami manyan jami'an Sin uku na kamfanonin mai kan bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa, dole a yaba. Shekara goma sha uku da 'yan kai ana haƙuri kafin a ɗaga murya, wannan kara sai ɗan halak.

Saboda haka, matan Garin Malam da Kara-Kara masu jera jarkoki a bakin famfo tun kafin asuba, ku rage gunaguni, baƙi na ji. Motocin dakon mai da ke wuce ku ma abin kallo ne. Wanda duk ya matsu ya ga amfanin zumunci, ya nemi kuɗin mota ya yi tafiyar kilomita kusan 900 zuwa Yamai. Tsallaka gadar kyauta ne.