Takardar Sallama Zuwa Ga Katifata

Daga wani magidanci mazaunin birnin Haɗeja, zuwa ga Hajiya Katifa, shida da shida, mai kwance a ƙuryar turaka.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta cancanci tsohuwar abokiyar zama, da tambayar lafiyarki, ko da yake babu mahalukin da ya fi ni sanin cewa lafiyar nan ta daɗe da yin ƙaura, amma ba'adu: abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto miki, alhali tsakanina da ke bai fi taku uku ba, shi ne duk daren da na shigo da niyyar in faɗa miki maganar nan baki da baki, da zarar na miƙa haƙarƙarina a kanki sai kunya ta kama ni, sabo ya ɗaure mini harshe, in ce a bari sai gobe, har yau goben nan ba ta iso ba.

Ban manta ranar da kika shigo gidan nan ba, cikin kakar 2009, bayan na sayar da shinkafar da na noma a fadama. An ɗauko ki a kura, kina ƙyalli cikin ledarki, yaran unguwa na biye, maƙwabta na leƙe ta kan katanga suna cewa Allah ya sa a kashe lafiya. Tun daga ranar, in an ɗebe tafiye-tafiye da kwanan waje na bazara, ban juya miki baya ba sai don in ɗora shi a kanki. Masu hisabi sun ce sulusin rayuwar ɗan Adam a barci yake tafiya. To in haka ne, cikin shekara 15 da muka yi tare, shekara 5 cur na yi su a kwance bisa gadon bayanki, kuma ban san wani ɗan'uwa ko amini da na yi wa irin wannan doguwar ziyara bai gaji da ni ba.

Sai dai ki sani, ranki ya daɗe, ke baƙuwa ce a ƙasar nan. Kakanninmu da suka yi zamani da Sarki Buhari, da waɗanda suka tsaya tare da Sarki Muhammadu ranar da Nasara suka shigo garin nan a 1906, a kan tabarmar kaba da buzu da gadon kara suka yi barcinsu, kuma ban ji an ce wani ya fasa hawan doki don ciwon ƙugu ba. Daga baya aka sami katifar ciyawa da ta audugar rimi, wadda in ta kwanta sai a farke ta, a shanya audugar, a buge ta da tsumagiya, a ƙara sabuwa a ɗinke, ta koma budurwa. Zuriyarku ta soso ba ta yaɗu ba sai wajen samun mulkin kai, sa'ad da kamfanoni irin su Vitafoam, wanda aka kafa a Ikko a 1962, suka fara ƙera ku, har ya zama uban da bai sa katifar soso cikin kayan ɗakin 'yarsa ba, sai ya ji a bakin 'yan ganin ɗaki. Amma akwai wani aibi a jininku wanda ba a gaya mana ba ranar ciniki, wato soso in ya mutu ya mutu, babu tsumagiyar da za ta tashe shi, babu telan da zai yi masa ƙari.

To ga da'awata a kanki, kuma ba zan kawo ta ba sai da shaidu.

Na farko, kin yi kwari. Jiya na ɗauko gorar da muke kakkaɓo mangwaro da ita na gicciya a kanki daga gefe zuwa gefe, na tura hannu ƙarƙashinta a tsakiya, sai ga yatsuna huɗu sun shige babu gogayya. Wannan ba katifa ba ce kuma, fadama ce. Duk inda na kwanta da dare, ko a gabas ko a yamma, asuba a tsakiyar kwarin take riskata, a naɗe kamar kifin banda, kafaɗa ta mutu, wuya ya sage, ba na iya cika ruku'u sai rana ta ɗaga. Shekara uku ina tuhumar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Na tuhumi sanyi, na tuhumi basir, na tuhumi tsufa, wani dare da na farka ƙirjina a danne har dannau na tuhuma, kuma a kan haka na sha jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙen da in an tara kuɗinsu da sun sayi ƙanwarki. Gaskiya ba ta bayyana ba sai goman ƙarshe na azumin bara, da na shiga i'itikafi na kwana a kan shimfiɗar masallaci, babu komai tsakanina da daɓe sai darduma da bargo, amma kafin dare na huɗu sai na ji ina miƙewa tahajjudi kamar ɗan shekara talatin. Na dawo gida ranar Salla, na kwana biyu a kanki, ciwon ya dawo da sallamarsa. Ciwon da yake gaishe ka da asuba, ya sake ka da hantsi, ya ƙi bin ka in ka kwana a wani wuri, ba a jikinka gidansa yake ba, a shimfiɗarka yake.

Na biyu ya fi nauyi, kuma a nan ina tausaya miki, domin ƙaddarar mazaunin bakin kogi ce ta afka miki. Kowa a ƙasar nan ya san halin kogin Haɗeja, wanda yake ciyar da mu da shinkafa da kifi har ya wuce Nguru ya nufi tafkin Cadi, amma tun da aka datse shi a sama, aka gama Tiga a 1974 da Challawa a 1992, tafiyarsa ta sake, kacala ta tsiro ta cushe masa hanyoyi, har ya zama in damina ta yi albarka ruwa ya rasa inda zai bi sai gonaki da gidajen mutane. Mun gani a 2020, muka sake gani a 2022, sa'ad da mutanen Auyo da Kirikasamma da Guri suka kwana a makarantu da kan titi, samari suka raba dare suna jera buhunan ƙasa a kan jinga. A wannan shekarar ta 2022 ce ruwa ya shigo mana tsakar gida cikin dare, ya ratsa ta makwarara da bayan gida kafin ya iso turaka, ya same ki a ƙasa inda na shimfiɗa ki, kika sha kika ƙoshi, har sai da ƙarti huɗu suka kama kafin a fitar da ke. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu tun muna zaure cewa ruwan da najasa ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya fita daga tsarki. Wanda kika sha kuwa, ban ɗanɗana ba, amma sauran biyun na shaida. Mako biyu kina jingine da katanga a rana, bayanki ya bushe, na ce alhamdu lillahi na mayar da ke ɗaki, ban sani ba ashe soso fatarsa kaɗai ke bushewa, cikinsa na nan da danshi yana renon funfuna. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗin cewa katifar da ruwan ambaliya ya jiƙa ba ta wankuwa, yar da ita ake yi. Na ji, na yi kamar ban ji ba, kuma ladan da na samu shi ne atishawar asuba da tarin da ba ya jin magani. Kuɗin cizon da suka kafa sansani a ɗinkin gefenki kuwa ba zan tona ba, tun da takarda na iya faɗawa hannun suruki.

Amma alƙali ba ya hukunci sai ya ji ta bakin wanda ake ƙara, kuma da kina da baki na san abin da za ki ce. Za ki ce shekara biyu na bar ki cikin leda don kada ki tsufa, kina gumi ina gumi a zafin Afrilu, iska ba ta ratsa ki. Za ki ce ko Ashabul Kahfi, da suka yi shekara 309 suna barci, ana juya su dama da hagu, amma ke ban taɓa mayar da kanki ƙafa ba balle in kifa ki, alhali hakkinki ne duk bayan 'yan watanni. Za ki ce na ajiye ki a daɓe a garin da ƙasa ke tsattsafo da ruwa da damina. Za ki ce kuma ba ke kika sa ni shan shayi kofi uku da cin goro bayan lisha ba, ba ke kika ɗora mini waya a fuska har ƙarfe ɗaya ba, sa'an nan in tashi da asuba ina neman barcin awa 7 da likitoci suka ce shi ne mafi ƙarancin abin da baligi ke bukata. Duk na yi iƙirari, na kuma nemi gafararki. Sai dai laifin mai gida ba ya mayar da kwari tudu, kuma masana sun ce irinku in kun yi shekara 7 zuwa 10 kun sauke farali. Ke har nafila kin yi.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne sunan da na sa wa riƙon da na yi miki. Na kira shi ƙana'a, har ina kafa wa uwargida hujja da cewa shimfiɗar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, fata ce da aka cusa wa zaren dabino. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, «Malam, in zuhudu kake nufi ga tabarma nan a rataye, sabuwa, mai tsarki, wannan dai rowa ce ta sa rawani.» Ban sami amsa ba har yau.

Magajiyarki na riga na zaɓe ta, kuma wannan karon ban bari kauri ya ruɗe ni ba, domin na gane ƙarkon soso a nauyinsa yake, ba a yawan incinsa ba. Mai kauri sakayau, wadda yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, ita ce mai saurin durƙushewa. Na ɗaga kusurwa na ji nauyi, na danna da gwiwa na ga ta taso nan take, sa'an nan na cire takalmi na kwanta a kanta a tsakiyar shago ta gefen dama, yaran shago na dariya, ban tashi ba sai da na gamsu. Ban kuma ɗauki mai taurin dutse ba, ko da yake haka ake ba mai ciwon baya shawara a bakin kasuwa, saboda likitocin Sifaniya, ƙasar Andalus ta dā, sun jarraba wannan a 2003 a kan masu ciwon baya 313, adadin mutanen Badar ke nan, suka tarar mai matsakaicin tauri ta fi mai tsananin tauri sauƙaƙa ciwo. Kafinta na haɗa mata gado mai tsawon ƙafa, ledarta za ta fita ranar farko, gidan sauro kuma na nan a wanke.

Saura makomarki. An ba ni shawara in kai ki ɗakin baƙi, na ce baƙon da ya taso daga Kano don zumunci bai yi mini laifin da zan saka masa da ke ba. An ce in yi sadaka da ke ga almajiran zaure, na ce an hana mu zaɓar abin da mu kanmu muka ƙi mu ce shi ne na Allah, kuma ƙirjin almajiri ba na ƙarfe ba ne. Ba zan ƙone ki ba, don hayaƙin soso guba ne. Ba zan jefa ki kogi ba, kacala ta ishe shi. Hukuncin da na yanke shi ne a tsattsaga ki da wuƙa gida huɗu, don kada wani bawan Allah ya tsince ki ya ce ya yi sa'a, sa'an nan a kai ki juji. Ki yafe mini, ni ma na yafe miki. Mai kura zai zo ranar Asabar da hantsi, kuma na riga na biya shi.

Wassalam.

Naki, wanda ya daɗe a kanki.