Taubashi, a nan barewa ake yi wa noma

Alma, jihar Wiskonsin, Amurka
Ƙarshen Oktoba

Zuwa ga taubashina, sarkin bakan da gafiya kaɗai ke jin tsoronsa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida, ya iyali, ya kaka? Ina fata gero ya shiga rumbu lafiya. An ce ka yi sabon kare, kuma tun zuwansa kajin unguwa ne suka ragu, namun daji kuwa ko labarinsa ba su ji ba. Allah ya sa masa albarka.

Nemi wuri ka zauna, ka ajiye kofin shayin nan kada ka ƙona kanka. A ƙasar nan akwai magidanta masu cikakken hankali da ke gyara gona, su kai ƙasarta a gwada, su zuba taki, su sayi iri da kuɗinsu su shuka, alhali ba su da niyyar girbe ko zangarniya ɗaya. Barewa suke yi wa noma. Na san za ka ce ƙarya nake, don kai abin da bai faru tsakanin ƙofar gidanku da kasuwar ƙauye ba, ba ka yarda ya faru a duniya.

Dattijon da nake haya a gidansa tsohon mai shanun madara ne. Ya sayar da garken, ya ba wani hayar kwarin yana noma masara, shi kuma ya riƙe tuddan da ke baya, waɗanda daji ya rufe. A cikin dajin nan ya buɗe 'yan filaye, kowane bai wuce eka ɗaya ko biyu ba, eka kuwa ba ta kai rabin hekta ba. Barewar tasu ta ninka tamu. Ƙosasshen namiji yakan kai kilo 100, ƙahonsa mai rassa, kuma duk hunturu sai ya zubar da shi ya sake tsiro da sabo kafin shekara ta zagayo. Ƙahon nan shi ne abin da ke hana mutanen nan barci. Akwai wata ƙungiya, Boone and Crockett, da Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, wadda ke auna ƙaho da inci ta rubuta a littafi, kuma wannan ƙaramar hukuma tamu ta Bafalo, a bakin kogin Misisipi, ita ce kan gaba a littafin a duk faɗin Amurka. Mutum zai nuna maka hoton barewa a waya tun kafin ya nuna maka na jikansa.

Amma ba don ƙaho na ɗauki alƙalami ba. Ƙasar nake so in ba ka labari.

Da bazara dattijon ya ce in raka shi. Ya ɗauki bokiti da wani ƙarfe mai rami, muka bi fili kusurwa-kusurwa yana caka shi kamar inci shida yana zaro ƙasa. Ya cakuɗa ta a bokitin, ya ɗebi cikin kofi ya ɗaure a 'yar jaka, ya rubuta sunan filin, ya aika wa ɗakin gwajin ƙasa na jami'ar jihar. Da sakamako ya dawo sai ya sa tabarau ya zauna da shi kamar mai karanta takardar asibitin ɗansa. Abin da ya fara dubawa shi ne tsamin ƙasar, wanda suke aunawa da wani ma'auni, pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, duk abin da ya yi ƙasa da ita tsami ne, kuma tazarar da ke tsakanin 6 da 5 ninki goma ce, ba taki ɗaya ba. Yawancin abin da suke shukawa ya fi son wajen 6.5. Ƙasar da aka sare daji a kanta kuwa galibi tana da tsami, kuma in ta yi tsami, ko buhu nawa na takin zamani ka zuba, saiwa ba za ta iya shan rabonta ba. Kuɗinka yana kwance a ƙasa, shuka tana rama a kansa. Maganin shi ne garin farin dutse, irin wanda ake siminti da shi. Tan biyu a eka ɗaya ba abin mamaki ba ne a nan, kuma sai ya yi watanni kafin ya kama aiki. Ka ji fa: mutum ya zuba tan biyu na dutse, ya jira rabin shekara, don wata dabba da ba ta san sunansa ba ta ji daɗin kiwo. Kai kuma da ka watsa rabin mudun yuriya sai ka tsaya a kunya ka riƙe ƙugu kana jiran masara ta gaishe ka.

Abin da ake shukawa kuwa an raba shi bisa lokaci, don kada bakin barewa ya zauna banza. Akwai wata ciyawa mai ganye uku-uku, kuloba, dangin wake ce, in ta kama sai ta yi shekaru tana tohowa. A watan Agusta sai a watsa irin wasu dangin kabeji masu ƙatuwar saiwa, ɗaya dunƙulalliya mai shunayyar kafaɗa, ɗaya doguwa fara da ke huda taurin ƙasa ta ruɓe a ciki ta bar rami. Barewa ba ta cika damuwa da su ba sai sanyi ya daki ganyen, sa'an nan ka ga sun yi musu caa, in dusar ƙanƙara ta rufe har tono suke da kofato. Bayan su sai wani ɗan'uwan alkama mai jure sanyi, wanda ke zama kore lokacin da komai ya bushe. Gefen hanya kuma dattijon ya jera dawa, dawarmu dai, ta yi tsawo ta wuce kan mutum, don masu wucewa a mota kada su leƙa masa baƙinsa.

Yanzu ga wurin da zuciyata ta motsa. A shagon iri na ɗaga wani buhu na haɗin damina, na zuba hannu, sai ga wake. Wake namu, na ƙosai da alale. Mai shagon ya ce a jihohin kudu irin su Jojiya da Alabama, inda zafi ya daɗe, yana cikin manyan abin da ake shuka wa barewa, nan arewa ne sanyi ke saurin kashe shi. Taubashi, waken nan daga Afirka ta Yamma ya zo ƙasar nan a zamanin cinikin bayi, kuma har gobe Najeriya da Nijar ne suka fi kowa nomansa a duniya. Dattijon ya sayi kaɗan ya shuka. Da ya yi yaɗo sai ya tuge gindi ɗaya ya kakkaɓe, ya nuna mini 'yan ƙululun da ke manne da saiwar, ya sa farce ya fasa ɗaya. Cikinsa ja-ja ne. Ya ce in ka ga wannan jan, ƙwayoyin halittar da ke ciki suna aiki, suna jawo sinadarin da ke cikin yuriya daga iska suna ajiye shi a ƙasa kyauta. Na ce masa kakanninmu sun daɗe suna tsarma wake tsakanin gero don wannan dalilin, ko da ba su fasa ƙululun sun duba ba. Ya cire hularsa ya ce a gaishe su.

Inda ya bambanta da mu shi ne abin da ke biyo baya. Ba ya kwashe komai. Ba ya ma yawan huɗa. In ɗan'uwan alkamar nan ya yi tsawo da bazara, sai ya shuka sabon iri a cikinsa, ya bi da wani abin nadi ya kwantar da karan a kai. Karan ya rufe ƙasa, ya riƙe laima, ya danne ciyawa, ya ruɓe ya zama taki. Ya kai ni wani fili da ya daɗe yana yi wa haka, ya ɗaga shimfiɗar karan da hannu. Ƙasar baƙa ce, mai sanyi, tana wargajewa a tafin hannu, tana kuwa sai murɗe-murɗe take a ciki. Taku kaɗan daga nan, a hanyar tarakta, ƙasar fara ce, tauri sai ka sa diga. Tudu ɗaya, ruwan sama ɗaya.

Akwai wata dabara da na so ƙwarai. A tsakiyar kowane fili yana kafa ɗan kejin waya da barewa ba za ta iya sa baki ba. In shukar da ke ciki ta kai gwiwa, ta waje tana a idon sawu, ya san ƙasa ta yi aikinta, baki ne ya yi yawa. In ciki da waje duk sun tsumbure, to laifin na ƙasa ne. Ba gardama, ba ɗora wa maƙwabci ko mai sayar da taki. Da za a kafa irin wannan keji a gonarka, da an daina zargin awakin mutane.

Wata yamma ya hau da ni wata 'yar rumfa da ya kafa a kan bishiya, bayan ya duba inda iska ke kaɗawa, don hancin dabbar nan ya fi idonta. Muka yi tsit. Gab da magariba sai ga uwa da 'ya'yanta biyu sun fito daga daji, ta tsaya tana juya kunnuwa, sa'an nan suka sunkuya suna fizgar kuloba har ina jin ƙarar tsinkewar ganyen. Can sai ga wani matashin namiji. Dattijon ya raɗa mini cewa wannan ko lokacin harbi ya yi ba zai taɓa shi ba, sai ya ƙara shekara biyu. Kai da ko ɗan zomo mai shan nono ba ka ɗaga wa ƙafa, ina ma kana wurin.

Kada ka ɗauka haka Allah ya bar musu dajin cike. Wajen 1900 barewar nan ta kusa ƙarewa, abin da ya rage a duk ƙasar bai fi rabin miliyan ba, saboda saran daji da 'yan kasuwar nama. Sai aka hana sayar da naman daji, aka yanka wa farauta lokaci, a 1937 kuma aka yi dokar da ke karkatar da harajin bindiga da harsashi zuwa kula da namun daji. A jami'ar jihar nan Aldo Leopold ya fara koyar da kiwon namun daji a 1933, shi da kansa kuma ya sayi wata gajiyayyar gona kusa da Barabu a 1935 ya yi ta dasa itatuwa da iyalinsa. Yau ana ƙiyasta barewar ta kai miliyan 30. Babbar farautar bindiga a Wiskonsin kwana 9 ce kacal a ƙarshen Nuwamba, mutum fiye da rabin miliyan ke yankar lasisi, kowa sanye da riga mai ƙyalli, galibi ruwan lemo, don kada ɗan'uwansa ya harbe shi. Wanda aka haifa daga 1973 zuwa yau kuma sai ya shiga aji ya ci jarrabawa. Ina hango ka a benci da fensir a kunne, layu sun cika maka damtse.

Ba komai nasu ne ya kwanta mini ba. Na faɗa wa dattijon cewa kuɗin da yake narkarwa a tudun nan zai ciyar da gidaje a garinmu, bai musa ba, ya ce da naman shanu ya saya da ya fi masa araha. Manomin da ke hayar kwarin kuwa haushi yake ji, don barewar da aka ƙosar a tudu ba ta san iyaka ba, masararsa take sauka ta ci. Ga haɗarin mota da dare. Ga wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa, da aka gano a jihar a 2002, wadda ta sa aka hana zuba musu tsaba a ƙananan hukumomi da yawa. Shuka dai ba a hana ba, amma akwai masu cewa ita ma tara bakuna take a wuri ɗaya, kuma ina ganin maganarsu abin saurare ce.

Duk da haka, tun ranar da na damƙi baƙar ƙasar nan nake tunanin gonar Kaka ta bayan gari. Da muna yara tana cika rumbu biyu, yanzu wuta-wuta ta mamaye ta, gefen gabas ya zama faƙo. Kowace kaka muna kwashe kara, mu ɗaure harawa, mu share ta tas, sa'an nan kai da rundunarka ku zo da rani ku cinna wa sauran wuta don ku fito da gafiya uku. Ina gadar da Kaka ke ba mu labari? Ina barewar? Wutar da ke koro maka gafiya ita ce ke cinye abincin ƙasa da mafakar naman da kake nema.

Na san kara ba shara ba ne a wurinmu. Shi ne danga, shi ne makamashi, harawa kuma kuɗi ce da abincin tumaki, ba zan zauna a nan in ce ka bar su duka ba. Abu kaɗan nake roƙo. Gefen faƙon nan, ka auna taku ashirin, ka shimfiɗa masa kara ka danne da ƙaya, ka bar gara ta yi aikinta, ita za ta huda maka shi ruwa ya shiga. Tokar murhun gidanka da kashin awaki a kai su can maimakon bayan katanga. 'Yan gawon da ke tsirowa kada ka sare. In Fulani sun sauko, ka yi magana da su su kwantar da shanu a wurin, zan aiko da kuɗin dawar da za ka ba su. Da damina ka sa wake, in ka tsinke 'ya'yan ka yanke harawar daga sama, ka bar saiwar a ƙasa. Ashanarka kuma ka ba matarka ta ajiye maka har ruwa ya sauka.

Kuɗin za su biyo ta hannun Kawu, ba ta naka ba, don na san ranar kasuwa da tukubar mai tsire. Ka ɗauki hoton faƙon yanzu ka turo mini ta WhatsApp, a tsaye, ba tare da fuskarka ta rufe rabinsa ba.

Ka gaida Kawu da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida amarya da yara, da liman, da mutanen majalisa. Karen ma a shafa mini kansa, in an same shi a gida ba a akurkin maƙwabta ba.

Wassalam.

Naka har kullum,
ɗan gwaggonka